Kala a bakin Komadugu: darasin da wata ɗiyar Diffa ta samu daga gasar Littafi Mai Tsarki

Kogin Komadugu, wanda ya raba Nijar da Najeriya a tsawon kilomita wajen 150 kafin ya faɗa tafkin Cadi kusa da Bosso, shi ne uwa ma ba da mama ga mutanen jihar Diffa. Ruwansa daga nesa yake tasowa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya iso da damina, ya cika da kaka, ya janye da bazara. A bakinsa ake noman shinkafa da alkama, a bakinsa kuma ake noman tattasai, wanda buhunansa suka kai sunan Diffa har kasuwannin kudancin Najeriya. A wannan gari ne aka haifi yarinyar da wannan labari ya shafa, ɗiyar wani maɗinki ɗan asalin ƙasar Maradi, wanda ya zo neman abinci tun yana saurayi, ya kafa kekensa kusa da kasuwa, ya yi aure, ya gina gida mai ɗaki uku da shago ɗaya a ƙofa.

Gidan na Kirista ne. Kakan yarinyar yana cikin mutanen karkarar Maradi da suka karɓi wannan addini ta hanyar mishan ta SIM, wadda ta fara sauka Damagaram a 1924 kafin ta kafa sansani a Tsibiri. Kirista a Nijar ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba, a Diffa kuwa ƙalilan ne ƙwarai: ma'aikatan gwamnati da aka turo daga yamma, ƴan kasuwa, da baƙi daga Najeriya da Cadi. Shekara da shekaru suna zaune lafiya da Barebari da Fulani da Hausawan unguwa, ana aiko musu da naman layya, su ma suna aika shinkafar Kirsimeti.

Sai zamani ya juya. A watan Nuwamba na 2014 ƴan Boko Haram suka kama Damasak, dubban mutane suka tsallako kogi, wasu a kwalekwale, wasu da iyo. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. Ranar 6 ga Fabrairu aka kai hari Bosso da Diffa kanta. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur, ta hana cinikin kifi da na tattasai, domin an ce da kuɗinsu ƴan ta'adda ke samun ƙarfi. Ƴan kabu-kabu suka zauna, manoma suka zuba wa buhunansu ido, maɗinki kuma ya rasa masu kawo ɗinki. A watan Yuni na 2016 aka sake afka wa Bosso, mutane dubu goma-goma suka watsu a gefen babbar hanyar kwalta, cikin bukkokin kara da leda.

A cikin wannan hali ne, bayan an koma lakwal a ƙarshen 2016, malamin matasa na ikilisiyarsu ya sanar cewa za a yi gasar tambayoyi kan Littafi Mai Tsarki tsakanin matasan ikilisiyoyin gabashin ƙasa, a Damagaram, lokacin hutun Ista. Littattafai biyu aka ɗora: Littafin Rut mai sura 4 da aya 85, da Wasiƙar Yakubu mai sura 5 da aya 108. Yarinyar tana da shekara goma sha shida, tana ajin farko na lise, kuma tun tana ƙarama an san ta da kaifin kai. Ta lissafa, ta ga aya 193 ce duka, ta ce a ranta ai wannan ba abin da zai gagare ta ba ne. Gaskiyar magana, abin da ya ja ta ba ƙaunar littafin ba ce. So take ta je Damagaram ta nuna wa ƴan manyan ikilisiyoyi, masu kallon na Diffa kamar mutanen bayan duniya, cewa a bakin iyaka ma akwai masu ƙwaƙwalwa.

Darasin farko daga wajen ƙawarta ta aji ya zo, Babarbariya, ɗiyar wani alaramma. Ƙasar Barno da Mangari ta daɗe da shahara wajen haddar Alƙur'ani, ita kuma ƙawar ta tashi ne tsakanin alluna. Da ta ga yadda yarinyar ke haɗiye sura guda a dare ɗaya, washegari ta amayar da rabi, sai ta yi dariya ta ce: "Ƙawata, ba haka ake hadda ba. Ki ɗauki kaɗan, ki rubuta da hannunki, ki biya da asuba kafin kunnenki ya ji hayaniya. Kada ki ɗora sabo sai kin yi tilawar na jiya. Kuma ki nemi wanda zai riƙe miki littafi, don mai hadda ba ya jin kuskurensa." Ita ce ma ta riƙa riƙe mata kaye a lokacin hutun ƙarfe goma, tana jefa mata tambayoyi. Ranar da suka kai ƙarshen Littafin Rut, inda aka jera zuriya daga Obida zuwa Yesse zuwa Dawuda, ƙawar ta tsaya ta ce ashe zancen kakannin Annabi Dauda ake yi. Daga ranar ta ƙara riƙe kayen da ladabi.

Haka yarinyar ta shiga tashi da asuba, tana biya karatunta a tsakar gida da fitilar hannu, lokacin da dokar hana fita ba ta saki gari ba. Kafin hunturu ya yi nisa ta san kome da ke cikin labarin. Ta san yunwa ce ta kori Elimelek da matarsa Na'omi daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. Ta san sunayen ƴaƴansu biyu, Malon da Kiliyon, da matansu, Rut da Orfa. Ta san wajen shekara goma suka yi a can, mazan uku duka suka mutu, Orfa ta koma gidansu, Rut ta manne wa surukarta, suka iso Baitalami a farkon girbin sha'ir. Ta san dattawa goma Bo'aza ya tara a ƙofar gari, da takalmi kuma aka tabbatar da ciniki. In aka tashe ta daga barci za ta faɗi sura da aya.

To, a bayan katangar gidansu akwai wani kango da mai shi ya bari ba rufi. Tun ƙarshen 2014 wasu mata biyu daga Damasak suka sauka a ciki, tsohuwa da matar ɗanta, da yaro ƙarami. Sun ɗaura leda a kusurwa ɗaya suka mai da ita ɗaki. Ɗan tsohuwar ya tsaya baya ranar gudu don ya kwance dabbobi, ba a sake ganinsa ba. Kullum matar ɗan takan shigo da bido mai ruwan ɗorawa ta ɗebi ruwa a famfon gidan maɗinki, da izinin uwar gida. Yarinyar kuwa ba ta ƙaunar wannan shigowa. Ƙarar ruwa a cikin bido tana katse mata tilawa, kuma tun abin da ya faru a Janairun 2015 wani ƙulli ya zauna mata a zuciya game da duk wanda ba na cocinsu ba, in ban da ƙawarta ta aji. Shekara biyu suna maƙwabtaka, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice.

Wata asuba tsohuwar da kanta ta zo ɗibar ruwa, domin matar ɗan ta kwana da zazzaɓi. Ta zauna a kan turmi tana jiran bido ya cika, tana sauraro. Can ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci: "Jikata, wace tatsuniya ce kike maimaitawa kullum kamar mai bin bashi?" Don kunya, yarinyar ta ba ta labarin a gurguje. Tsohuwar ba ta ce kome ba a kan mutuwar mazan, ba ta ce kome ba a kan gudun hijira. Da aka zo inda Rut ta tafi kala a gonar Bo'aza sai ta ɗaga hannu ta tambaya nawa ta samo a wunin. Yarinyar ta amsa da sauri, irin amsar gasa, cewa wajen efa ɗaya, ma'aunin Ibraniyawa, wanda malaminsu ya ce ya kai lita 22, wato kusan cikin wannan bido. Tsohuwar ta dubi bidon, ta auna shi da ido, ta ce tiya shida ke nan ko bakwai. Sa'an nan ta girgiza kai.

"Jikata, ko dai littafinku ya yi ƙari, ko kuwa mai gonar ya sa an zubar mata da gangan. Ba mai kala da ke tara haka a wuni ɗaya. Ni na sani."

Yarinyar ta yi shiru, domin abin da tsohuwar ta faɗa yana nan a sura ta biyu: Bo'aza ya umarci ma'aikatansa su riƙa zaro zangarniya daga dami suna bari a ƙasa, kada kuma su tsawata mata. Ta haddace ayar ma'auni, ta haddace ayar umarni, amma ba ta taɓa haɗa su ba. Wadda ba ta iya karatun boko ba, ba ta taɓa riƙe littafin ba, ita ta gane abin da ke tsakanin ayoyin biyu cikin ƙiftawar ido, saboda ta san nauyin abin da hannu ɗaya ke iya tsinta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

A ranar ne yarinyar ta ji yadda maƙwabtanta ke ci. Duk da dokar ta-ɓaci, akwai sauran gonakin tattasai kusa da gari da ake nomawa, ko da yake taki da man injin ban ruwa sun yi wuya. Matar ɗan takan je tsinka a biya ta da awo, tsohuwar kuma, da ƙarfinta bai kai a ɗauke ta aiki ba, takan bi bayan masu tsinka bayan an gama zagaye na ƙarshe, tana tattara ƙanana da waɗanda rana ta ƙona. Ta shanya, ta daka, ta ƙulla a leda, ta sayar ƙulli-ƙulli a bakin hanya. Wani mai gona yakan kore ta. Wani yakan kau da kai. Akwai guda ɗaya da yakan ce wa yaransa su bar layin ƙarshe na bakin rami kada su taɓa, bai kuma taɓa gaya mata don ita ya yi ba. Matar ɗan tana da dangi a Gaidam, sun aiko ta koma sau biyu, ta ƙi, ta ce ba ta bar tsohuwa a kango ita kaɗai. Ba wai kullum suna shiri ba ne. Ana jin faɗansu ta kan katanga, a kan gishiri, a kan yaro. Amma ba ta tafi ba.

Da yarinyar ta kai wa malamin matasa wannan zance, ya buɗe mata Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 24, inda aka hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, aka hana shi komawa ɗaukar damin da ya manta, domin rabon baƙo ne da maraya da gwauruwa. Ya ce mata kala a shari'ar Isra'ila hakki ne na matalauci, abin da Bo'aza ya ƙara a kai shi ne ya ba da fiye da hakki ta hanyar da ba za ta kunyata mai karɓa ba. Daga nan karatunta ya sake kama. Wasiƙar Yakubu, wadda da take gani tarin umarni ne marasa labari, ta fara yi mata nauyi, musamman inda ta kwatanta mai jin magana ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi ya manta, da inda ta auna addinin mutum da yadda yake kula da marayu da gwauraye. Ta fara cika bidon tun kafin a zo ɗauka, ta ajiye a bakin ƙofa. Iyakar abin da ta yi ke nan a lokacin.

Ana saura mako biyu tafiya, mai kango ya aiko cewa zai yi rufi ya zuba ƴan haya, matan su nemi wuri. Uwar gida ta kawo wa maɗinki shawarar a ba su shagon ƙofa, wanda tun da ciniki ya mutu ba abin da ke ciki sai tsohon keke da tsummoki. Maɗinki ya ƙi, kuma dalilansa ba na banza ba ne. A lokacin duk wanda ya sauki baƙo daga tsallaken kogi yana iya jawo wa kansa tambayoyin jami'an tsaro. Ba wanda ya san inda ɗan tsohuwar yake, ko a raye, ko a hannun wa. In kuma Kirista ya ajiye mata Musulmi a gidansa, wani zai ce so yake ya juya musu addini, shi kuwa ya ga hotunan Damagaram. Gidan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya, shi zai bar wa ƴaƴansa. Yarinyar ta ji wannan muhawara daga ɗaki, ba ta sa baki ba, don hankalinta yana kan gasa.

Su huɗu suka tafi da malaminsu, a kar ta safe, ta Shetimari da Maine-Sorowa da Gudumariya da Gure, tafiyar fiye da kilomita 450, ana sauke su a shingayen bincike ana duba takardu. A Damagaram aka yi gasar cikin wani coci mai sabon kwano, wanda har yanzu akwai tabon hayaƙi a saman tagoginsa. Ƙa'idar ita ce, wanda ya riga ɗaga hannu shi zai amsa, in ya kuskure a rage wa ƙungiyarsa maki. Ƴan Diffa suka ba kowa mamaki. Yarinyar ta riƙa kwashe tambayoyi tun alƙali bai rufe baki ba, har suka kai zagayen ƙarshe, maki ɗaya tsakaninsu da ƴan gida.

Alƙali ya karanta tambayar ƙarshe: mene ne sunan dangin nan da ya fi Bo'aza kusa, wanda hakkin fansar gonar Elimelek ya fara faɗawa kansa? Hannunta ya riga tunaninta tashi. Ta miƙe, coci ya yi tsit, ta shiga laluben sunan a cikin aya 85 da ke kanta. Ba ta same shi ba. Maimakon ta ce ba ta sani ba, sai girman kai ya sa ta jefa wani suna daga jerin zuriyar da ke ƙarshen littafin. Alƙali ya girgiza kai. Wani yaro ɗan Damagaram, wanda bai amsa ko tambaya uku ba duk wunin, ya tashi a hankali ya ce littafin bai faɗi sunansa ba. Shi ke nan, sauri ya haifi nawa. Ƴan Diffa suka zo na biyu.

Ta yi kuka a bayan coci, kukan haushi. Malaminsu bai rarrashe ta ba sai a hanyar dawowa, bayan sun wuce Gure. Ya ce mata: "Ɗiyata, kin haddace gargaɗin Yakubu a kan gaggawar magana, sura da aya, ga shi kin ji shi a jikinki. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ki tambayi kanki me ya sa littafin da ya faɗi sunan Orfa, wadda ta juya tun a sura ta fari, ya ƙi faɗin sunan wannan mutum." Ta yi ta juya zancen har Maine-Sorowa. Mutumin bai yi sata ba, bai zagi kowa ba, bai karya doka ba. Da aka ce gona ce ya ce zai fansa. Da aka ce akwai gwauruwa baƙuwa a haɗe da gonar sai ya janye, don kada ya ɓata gādonsa. Shi ne mafi kusa, ya kuwa tsare abin da yake tsoron rasawa, amma labarin ya wuce shi ba suna. Da motar ta iso Gagamari ta ga bukkokin leda a gefen kwalta, sai ta tuna wane gida ne mafi kusa da kango.

Da dare, bayan an ci tuwo, ta durƙusa gefen tabarmar mahaifinta. Ba ta yi masa wa'azi ba, don ɗiya ba ta yi wa uba wa'azi. Ta ba shi labarin tambayar da ta kayar da ita, da amsar yaron, da abin da malam ya ce. Sa'an nan ta ce: "Baba, ku gafarce ni, ni dai tsoro nake ji kada mu zama mutumin nan." Maɗinki ya daɗe bai yi magana ba. Daga baya ya ce ta je ta kwanta.

Kwana uku bai ta da zancen ba. A rana ta huɗu ya sa hularsa ya tafi wajen mai unguwa, ya nemi a rubuta sunayen matan a san da zamansu. Daga can ya wuce wajen limamin masallacin unguwa, ya gaya masa niyyarsa, ya roƙe shi ya zama shaida cewa ɗaki kawai zai bayar, addininsu nasu ne. Liman ya sa albarka, ya kuma turo almajirai biyu suka taya fitar da tsohon keke. Tsoron maɗinki bai gushe ba. Ya daɗe yana farkawa in ya ji mota ta tsaya da dare. Cikin ikon Allah ba abin da ya faru. Matan suka zauna a shagon fiye da shekara biyu, tsohuwar tana salla a kan buzunta a ƙofa, ana jin waƙoƙin coci daga tsakar gida ran Lahadi da yamma.

Labarinsu bai ƙare kamar na littafi ba. Ba wani Bo'aza da ya fito, ɗan tsohuwar bai dawo ba, ita kuma ta rasu a Diffa, liman ya yi mata salla, maɗinki ya ɗinka likkafani bai karɓi ko dala ba. Bayan an share makoki matar ɗan ta ɗauki yaronta ta tafi Gaidam wajen danginta.

Yarinyar ta girma, ita ce yau ke shirya ƙananan ikilisiyarsu in gasa ta taso. Tana koya musu hadda yadda ɗiyar alaramma ta koya mata: kaɗan-kaɗan, da rubutun hannu, da asuba, da mai riƙe littafi. Tana hana su ɗaga hannu kafin a gama tambaya, tana kuma gaya musu cewa "ban sani ba" amsa ce ta mutunci. In sun kai sura ta biyu ta Littafin Rut takan ajiye bido a gabansu, ta sa su ƙiyasta tiya nawa zai ci, ta tambaye su ko akwai wanda ya taɓa ganin mai kala, a wace gona, kuma me ta samo. Yawanci sukan yi shiru da farko, sa'an nan wani ya tuna da wata tsohuwa a unguwarsu. Allah ya zaunar da ƙasar Diffa lafiya, ya mai da kowane ɗan gudun hijira gidansa.